Mma Mulikatu da Kwaɗon Ƙofar Fak

Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar Fak, wato wurin shaƙatawa na unguwarmu Maamobi, cikin birnin Accra. Titi ne kawai da kwata tsakaninmu. Saboda haka abin da zan faɗa a kan Mma Mulikatu, rabinsa da idona na gani ina zaune bisa keken ɗinki, sauran kuma daga bakinta na ji, don ita ba mace ba ce mai haɗiye magana. Sunana Ganiyu. Shekarata ashirin da biyu a wannan shago, kuma a cikin labarin nan ba ni da abin alfahari.

A Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu, aka haife ta. Ubanta Bayarabe ne daga Ilori, mai sayar da kwanuka. Tana da shekara huɗu gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Ya hau babbar mota da buhu ɗaya, ya ce zai dawo bayan sallah. Bai dawo ba. Uwarta, wadda 'yar ƙabilar Kotokoli ce, ta rene ta da sana'ar koko da ƙosai, ita ma ta gaji tukunyar tun ba ta kai ta leƙa cikinta ba sai ta taka kujera. Duk wanda ya taɓa jiran trotro, wato motar haya, da sassafe a mahaɗar titinmu ya san muryarta. Ba ta iya magana a hankali ba. Ko gaisuwa take yi, baƙo sai ya waiga ya ga da wa ake faɗa.

Ta auri Abukari, mutumin Walewale, direban babbar mota mai kawo doya daga arewa zuwa kasuwar Agbogbloshie. Dogo ne, mai sanyin hali, mai son tsafta. Rigarsa ba ta taɓa yamutsewa, ko da kwana biyu ya yi a hanya. Mutane sun daɗe suna mamakin yadda suka zauna lafiya, ita kamar rediyo, shi kuwa sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa. 'Ya'yansu biyu sun yi aure, Latifa tana Kumasi, ɗaya tana Tamale. Su biyu suka rage a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu.

Wurin da muke kira Fak yanzu, bola ce a da. Tudun shara ne da ya fi rufin shagona tsawo, awaki a samansa, hayaƙi a gindinsa. A shekarar da kwalara ta shiga Accra da ƙarfi, ta ɗauki mutum uku a lungunsu Mma Mulikatu cikin mako guda. Ranar da aka fita da gawa ta uku, ta rufe tukunyarta ta shiga gida gida tana buga ƙofa. Asabar bakwai a jere mata suka yi suna kwasar sharar nan da kwanuka a ka, suna zuba wa masu aboboya, wato babura masu bodi, suna kai wa nesa. Na ga mata sun ɗaure hanci da ɗankwali suna tono da hannu. Na ga wata tsohuwa mai suna Amama ta taka fasasshiyar kwalba, ta ɗaure ƙafa da tsumma ta koma aiki. Mu maza, in ban da 'yan kaɗan, ruwan leda muka saya musu, muka ce Allah ya ba da lada. Ni ma abin da na yi ke nan.

Da ƙasa ta bayyana, Mma Mulikatu ta samo 'ya'yan darbejiya huɗu ta dasa, ta kewaye su da tsofaffin tayoyi saboda awaki. Ruwan wankin tukunyarta take ba su kullum. Shekara biyar wurin yana fili. Yara suna ƙwallo, mata suna shanya ƙullu, in masallaci ya cika ranar Idi a shimfiɗa tabarmi a can.

Sai wata ƙungiya daga waje ta zo da mutane masu fararen hulunan kwano. Suka auna, suka ɗauki hotuna, suka kewaye wurin da shingen ƙarfe. Suka shimfiɗa hanyar siminti a zagaye, suka kafa bencina shida da lilo biyu, suka shuka ciyawa. Gaskiya ya yi kyau. Ranar buɗewa an yi kiɗa, an yi jawabai, an yanke ƙyalle. Aka kira sunayen 'yan kwamitin da za su kula da wurin, mutum bakwai, duka maza. Shugabansu Alhaji Kazeem, mai shagunan waya a shataletalen Circle, wanda ban taɓa ganin ya ɗaga ko ledar shara ɗaya daga wurin ba. Mma Mulikatu tana can baya tare da sauran mata, tana tafi.

Washegari muka wayi gari da kwaɗo a ƙofar, babba, mai ruwan tagulla. Aka ce ciyawa ba ta kama ba tukuna. Ciyawa ta kama, har aka fara kawo inji ana aske ta, kwaɗo yana nan. Ranar Asabar ce kawai ake buɗewa, in wasu sun kama wurin don biki ko suna ko taron makoki. Sai a kafa rumfuna, a jera fararen kujeru, a kunna lasifika har gilashin shagona ya riƙa rawa. Yaran unguwa su maƙale a shinge suna kallon lilo. Da na yi wa Mma Mulikatu maganar, cewa ta yi, “Bar su, Ganiyu. Ko ba komai shara ba za ta dawo ba.” Daga baya ta ce mini babu kalmar da ta taɓa fita daga bakinta da ta fi jin haushinta irin wannan.

Shekara uku ana haka, sai ciwo ya sami Abukari. A Agbogbloshie ne, ana sauke doya, yana saukowa daga gaban mota ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mako uku suka yi a asibiti. Matar da ke koya masa motsa jiki ta ja Mma Mulikatu gefe ta ce, “Kullum ya yi tafiya a ƙasa mai laushi, wadda ba rami. In ya zauna, ƙafar za ta tafi, ba za ta dawo ba.”

Ƙasa marar rami a Maamobi! Tsakar gidansu ba ta fi faɗin tabarma huɗu ba, cike da bokitai da murhun gawayi da igiyoyin shanya. Lungun da zai fitar da kai titi, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango, ga kwata tana bin tsakiyarsa. Wuri ɗaya ne a duk unguwar da ya dace da maganar matar nan, kuma kowa ya san shi.

Wata Litinin bayan la'asar na gan su sun fito daga lungu. Shi da sanda a hannun hagu, ita ta tallafe damansa, suna tafiya kamar masu ɗauke da ruwa a faranti. Kusan minti goma sha biyar suka yi kafin su tsallaka titi. A bakin ƙofa suka tarar da Lauwali mai gadi, mutumin Tawa ta Nijar, yana zaune a kan bulo. Shi Hausarsa cikakkiya ce, ba irin tamu ta Zango ba da wasunmu ke ce wa mace “kai”. Ya miƙe da sauri ya gaishe su.

“Buɗe mana,” in ji ta. “Zagaye ɗaya zai yi mu fita.”

“Wallahi, Inna, makulli ba ya hannuna. Yana wurin Alhaji. Ni kaina daga waje nake gadin.”

“Daga waje?”

“Ga bulona nan. Ko rana ta yi zafi, inuwar bishiyar can sai dai in kalle ta.”

Ya ba Abukari bulon ya zauna ya huta, sannan suka juya gida.

Sau uku ta je wurin Alhaji Kazeem. Na farko ya ce kwamiti zai zauna. Na biyu ya ce ta kawo takarda a rubuce. Ni na rubuta mata da Turanci, na sa duk kalmomin ladabi da na sani, ta dangwala yatsa. Zuwa na uku na raka ta, don ta ce tana son shaida. Muka same shi a ƙofar gidansa ana wanke masa mota. Ya bar mu a tsaye ya gama waya tukuna.

“Mma, ka yi haƙuri,” ya ce mata. “Na ga leta. Amma in na buɗe maka yau, gobe kowa zai zo.”

“To don wa aka yi shi, in ba don kowa ba?”

“Ka gane, wurin nan yana da tsari. Yara za su karya lilo, a tattake ciyawa. In mutanen da suka gina suka dawo suka ga ya lalace, wa za su kama? Ni.”

“Alhaji, mijina ciyawa zai ci? A kan siminti zai taka. Mutum ne mai ƙafa ɗaya da rabi.”

“Allah ya ba shi lafiya. Amma Fak ba asibiti ba ne.”

Na ɗauka za ta tara masa jama'a a nan take. Sai ta gyara mayafi ta ce, “Yoo. Na ji.” Muka dawo gida.

Daga nan ta koma zagayawa da shi a bakin titi, a ɗan siririn wurin da ke tsakanin kwata da motoci, a jikin shingen Fak ɗin. Kullum bayan la'asar. Trotro na hura musu hayaƙi, masu talla na ratsa su, ga hanyar siminti shimfiɗe a cikin shinge, taku biyu daga ƙafarsu, babu kowa a kanta sai tantabaru. Mako shida suna haka. Ran nan wani mai okada ya kauce wa mota, madubinsa ya doki sandar Abukari. Ta yi ƙoƙarin riƙe shi, amma ya fi ta nauyi. Ƙafarsa mai ciwo ta zurma kwata, bakin siminti ya tsaga masa ƙauri. Mai okada ko waiwaye bai yi ba. Na fito da gudu da guntayen yadi, ni da Lauwali muka ciro shi, wandonsa ya jiƙe da baƙin ruwa har gwiwa. Mutumin da ko ƙura ba ya bari ta zauna a takalminsa. Bai yi ƙara ba. Wandon yake ta kallo.

Mma Mulikatu ta durƙusa tana ɗaure masa ƙafa, hannunta duk jini. Da ta gama ta ɗaga kai ta kalli cikin shingen, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambayi Lauwali, “Wannan Asabar akwai biki?”

Ya ce, “Ba wannan ba, ta sama.”

“Madalla. Kafin nan ciwon ya kame.”

Ranar bikin wasu mutane ne daga unguwar Dansoman, masu hali. Rumfuna shida, furanni, motoci har bakin shagona. Bayan la'asar, ana tsakiyar cin abinci, sai ga su sun fito daga lungu. Ta sa masa batakarinsa, wato rigar saƙi ta zuwa Juma'a, mai ratsin baƙi da fari, da hula. Ita ma ta ci ado. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ce masa ta yi Alhaji ya ba da izini.

Ƙarti biyu ne a ƙofa suna duba katin gayyata. Ba ta ko kalle su ba. Ta ɗaga muryar nan tata ta sayar da koko ta ce, “Agoo!” kamar yadda muke neman hanya a nan. Su kuma bakinsu ya riga tunaninsu, suka amsa, “Amee,” suka matsa. Wa zai tare tsohuwa da marar lafiya? Na ajiye almakashi na bi bayansu.

Suka hau hanyar siminti. Taku, ja, taku, ja. Inda aka jera kujeru a kan hanyar, sai ta ce “Agoo”, mutane su tashi da farantinsu su janye kujera. Wasu sun ɗauka dangin ango ne daga ƙauye. Na ga fuskar Abukari ta saki, karo na farko tun da ya kwanta. Ƙafar tana tafiya sumul, ba abin da take karo da shi. Har ya ɗaga sanda ya gaida wani. A gindin darbejiya ta biyu ta tsaya ya huta, a nan ta ga an kafa wa bishiyoyin ƙusoshi manya don rataya fitilu. Ta shafa wurin da tafin hannu, suka ci gaba.

Sun ci kusan kashi uku cikin huɗu na zagayen Alhaji Kazeem ya iso, yana haki, babbar riga na jan ƙasa. Ya sha gabansu.

“Mma, wane irin abu ne wannan? Wa ya ce ka shigo? Ka fita yanzu yanzu!”

“Matsa, Alhaji. Saura kaɗan.”

“Mutane sun kama wurin nan! Ka zo ka kunyata ni gaban baƙi?” Ya kai hannu ya kama sandar Abukari.

Ban taɓa jin irin ƙarar da ta yi ba. Mai kiɗa da kansa ya kashe sauti.

“Sake sandar nan! Sake ta, in ba haka ba wallahi yau sai ka san wadda ta haife ni! Kana ina lokacin da wurin nan yake tsutsa? Kana ina lokacin da muka kwashe kashin unguwar nan a kanmu, yana zubo mana a wuya? Ga hannuna, duba! Bishiyar da ka buga wa ƙusa, ni na ba ta ruwa tun tana kamar tsinken tsire. Mijina ya faɗa kwata a jikin shingenka, kana da makulli a aljihu!”

Ta juya wajen baƙi ta maimaita da harshen Twi, ta ƙara da harshen Ga, don kada wani ya ce bai ji ba. Ta ɗaga ƙafar wandon Abukari ta nuna musu ɗaurin ciwon. A nan ne na ga wayoyi sun tashi sama, ashirin ko fiye, duk sun auna shi. Abukari ma ya gani. Ya dubi Alhaji, ya dubi matarsa, ya gane babu wani izini. Bakinsa da ya karkace ya shiga motsi, yawu ya zubo a kan batakarin, ga mutane suna ɗauka. Da ƙyar kalma ɗaya ta fito.

“Gida.”

“Saura kaɗan, Baban Latifa, mu ƙarasa...”

“Gida!”

Hawaye ne ke zuba a fuskarsa. Ni na riƙe shi muka fita, don ya ƙi yarda ta taɓa shi.

Kafin gari ya waye hoton ya zagaye wayoyin Nima da Maamobi har Kawukudi. Wasu na cewa ta yi daidai, wasu na cewa ta haukace. Abukari ya juya fuska bango. In ta kawo abinci ba ya ci, sai maƙwabciya ta miƙa masa. Kwana huɗu bayan haka ta shigo shagona ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, idonta jawur.

“Ganiyu, ka gaya mini gaskiya. Ni ce mai laifi?”

Na ce, “Mma, a kan Alhaji kina da gaskiya. Amma Baba Abukari kin yi masa ƙarya, kin kuma buɗe ciwonsa gaban duniya. Mutum ne mai kunya.”

Na ɗauka ta karɓa. Sai ta miƙe.

“Na ji, kuma haka ne. Zan roƙe shi har ya gaji. Amma kai fa? Shekara uku kana zaune nan kana kallon kwaɗon can kamar talabijin. Kai da sauran mazan unguwar nan, masu shan shayi a bakin titi kuna gyara siyasar duniya. Da mutum biyar cikinku sun buɗe baki, da ni zan ja gurgu cikin bikin mutane?”

Ta fita ta bar ni zaune bisa keke.

Alhaji Kazeem ya kai ƙara wurin sarkin unguwarmu, ya ce ta ci mutuncinsa ta kuma ɓata taron baƙi. Aka sa ranar Laraba. Zauren sarki ba shi da girma, amma da muka isa mun tarar da mata sun fi talatin zaune a ƙofar, yawancinsu waɗanda suka kwashe bolar ne. Amama tana gaba, ta miƙe ƙafarta mai tabo. Zama kawai suka yi, duk wanda zai shiga sai ya tsallake su.

Liman ya fara da nasiha, ya ce mace mai shekarunta bai kamata ta ɗaga murya gaban maza ba, ta ba da haƙuri a wuce wurin. Ta ce, “Malam, masu biki na ba su haƙuri, ba su yi mini komai ba. Mijina ina kan ba shi. Amma Alhaji, sai dai a yanka ni.”

Sarki tsoho ne, ba ya son hayaniya, kuma kowa ya san Alhaji ne ya gyara masa rufin zaure. Ya yi ta juya carbi. Can ya tambaya ko akwai takardar da masu ginin suka bari a kan yadda za a tafiyar da wurin. Alhaji ya ce akwai, amma sai ya bincika. Na san matan Alhaji da 'ya'yansa duk ni nake yi wa ɗinki. Duk da haka na ɗaga hannu.

“Ranka ya daɗe, ina wurin ranar buɗewa. Matar da ta yi jawabi ta ce wurin na kowa ne, a buɗe kullum daga safe zuwa yamma. Ni na fassara wa na kusa da ni. Alhaji yana zaune a gefenta, ya yi tafi.”

Daga waje Amama ta ce, “Mu ma mun ji!” Sauran mata suka ɗauka.

Hukuncin da aka yanke rabi ne. A buɗe daga Litinin zuwa Alhamis, daga la'asar zuwa magariba, makulli a hannun Lauwali. Juma'a a gyara wuri, Asabar da Lahadi na masu taro. Ba wanda ya tambayi Alhaji ina abin da ake samu daga tarukan yake tafiya. Mma Mulikatu ta buɗe baki za ta yi magana, sarki ya shafa fatiha. Gidan Alhaji kuwa tun daga ranar ba su sake kawo mini ko ɗaurin zani ba.

Litinin ta farko yara suka shiga kamar an ɓalle famfo. Tsofaffi suka cika bencina. Lauwali ya ɗauki bulonsa ya kai gindin darbejiya. Mutum ɗaya ne bai zo ba, wanda aka yi faɗan dominsa. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta sa 'ya'yansu suka kira shi a waya. Ya ce shi da wurin nan har abada. Wata guda cur yana kwance, ƙafar ta fara sandarewa.

Wanda ya fitar da shi tsohon abokin tuƙinsa ne, Mika'ilu, da gwiwa ta hana shi hawa mota. Ya zo daga Nima ya zauna a bakin gadon, bai yi masa wa'azi ba. Cewa ya yi, “Abukari, an ce in riƙa tafiya, ni kuma kunya nake ji in yi ta ɗingishi ni kaɗai yara na kallo. Taso ka raka ni.” Zuwa na uku ya tashi.

Yanzu kusan shekara biyu ke nan. Zagaye uku yake yi, wani lokaci huɗu. Maganarsa ta ɗan saki. A gida sun shirya, yana cin abincinta, har na ji yana yi mata tsiya a kan gishiri. Amma a cikin Fak bai yarda ta riƙe shi ba, ko sau ɗaya. Ita ke kawo shi bakin ƙofa, Mika'ilu ya karɓe shi, ita kuma ta tsallako ta zauna a bencin shagona tana kallonsu ta cikin shinge, tana ƙirga zagayen a fili, tana zagin duk mai ƙwallon da ya matso kusa da shi. Fushinta bai ragu ba. Duk ranar Juma'a sai ta tsaya a gaban ƙofar ta faɗi abin da ke ranta da ƙarfi, ko da mai ji ko babu.

Watan jiya Alhaji Kazeem ya zo da wani mutum mai kyamara. Ƙungiyar da ta gina wurin ce ta aiko shi ya ɗauko yadda jama'a ke amfana. Ranar Talata suka zaɓa, wuri cike. Wani ya gaya wa mai kyamarar cewa ga matar da ta dasa bishiyoyin, sai ya tsallako shagona da fara'arsa. Alhaji ya biyo shi yana cewa ba sai an dame ta ba.

“Mma, kalma biyu kawai,” in ji mutumin. “Ki faɗi yadda kike ji da wurin nan, ki yi godiya.”

Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kalli kyamarar sosai.

“Ya kama? To. Sunana Mulikatu. Ku da kuka gina, Allah ya saka muku. Kwana bakwai kuka ba mu, huɗu suka iso hannunmu. Ku tambayi wannan da ke tsaye ina sauran ukun. In kuna son hoto na gaskiya, ku dawo ranar Asabar ku ɗauki yaranmu a jikin shinge.”

Mutumin ya sauke kyamara a hankali ya ce ya gode. Alhaji ya ja shi suka koma ciki.

Shekaranjiya wani da ya kawo ɗinki ya nuna mini fim ɗin a wayarsa. Minti uku ne, da kiɗa mai taushi. Akwai lilo, akwai ciyawa, akwai Alhaji yana bayani a gindin bishiya. Ita ba ta ciki. Amma wajen ƙarshe an nuno Abukari daga baya, shi da Mika'ilu, yana jan ƙafa a kan siminti, an rubuta wani abu da Turanci a ƙasa a kan kula da marasa lafiya. Ba wanda ya nemi izininsa. Na roƙi mai wayar kada ya yaɗa, ya ce ai ya riga ya zagaya. Jiya da la'asar Mma Mulikatu ta zo ta zauna a bencina kamar kullum, daga yadda take hira na gane ba ta gani ba tukuna. Na yi ta taka keke, ban ɗaga kai ba.